Caca Ta Iske Shi a Ɗaki

Akwai wani yabo da iyaye ke yi wa ɗansu idan ya dawo hutu daga jami'a, wanda ya kamata a fara jin tsoronsa. Za ka ji uwa tana gaya wa maƙwabciya cikin jin daɗi: "Ai shi wannan ba ruwansa da yawo. Tun da ya dawo yana ɗaki, daga masallaci sai gida." Uban ma hankalinsa a kwance, tunda ba a kawo masa ƙarar yaron daga majalisa ba, ba a kuma gan shi a bayan layi da 'yan shaye-shaye ba. Shekara ashirin da suka wuce wannan yabo yana da makama, domin a wancan lokaci kowace ɓarna sai an taka ƙafa an je inda take. Yau ɓarnar da ke cin samarinmu masu karatu tana cikin wayar da aka saya musu don karatun, kuma ba ta samun su yadda take so sai a dogon hutu, lokacin da kowannensu ke zaune shi kaɗai. Cacar ƙwallo nake nufi, da sauran danginta da ake bugawa ta intanet.

A makaranta ɗalibi ba shi da sararin kaɗaici. Ɗakin kwana cike yake da mutane, ga lakcar safe, ga gwaji, ga layin ɗiban ruwa, ga wanda zai ci bashin garin kwaki. In ya kwana yana danna waya, ba za a rasa wanda zai ɗago kai ya ce, "Malam, lafiya kuwa?" Ranar da aka ajiye biron jarrabawar ƙarshe duk wannan ya watse. Abokan karatu sun koma Gusau, Azare, Mubi, Kontagora. Abokan unguwa da suka tsaya a sakandare sun yi nisa a kasuwa, wasu sun yi aure, hirarsu ta sauya, shi kuma ga ɗan girman kan nan na ɗan jami'a da ba ya barinsa ya zauna a benci a ƙofar shagon tela. Sai ya zama baƙo a gidan ubansa. Ba a aikensa saboda ya girma, ba a ba shi aiki saboda wai hutawa ya zo yi. A kai masa abinci ɗaki, a ɗauko kwano.

Hutun kuma a Najeriya ba a san ranar ƙarewarsa ba. A 2020 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ya haɗu da kullen korona, daga Maris har Disamba. A 2022 malaman suka sake ajiye aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. A Nijar babban hutu yana cinye Yuli da Agusta da Satumba. Saurayi mai ƙarfi a jiki da kaifin ƙwaƙwalwa, ba kuɗi a aljihu, ba inda ake jiransa da safe, ga waya a hannu, ga datar dare mai araha: da kamfanin caca zai zauna ya zana irin mutumin da yake nema, da wannan zai zana.

Ta ƙofar ƙwallo cacar take shigowa. Yaron da ya tashi a gidan kallo ya san 'yan wasan Arsenal da na Real Madrid fiye da yadda ya san sunayen 'yan'uwan babansa, kuma yana ganin wannan sani jari ne. Wata rana a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu wani ya tura hoton tikiti, ya zuba naira 200 ya ci dubu ɗari da wani abu. Ba wanda ke tura hoton tikitin da ya faɗi. Sai ya ce bari ya gwada da naira 100, kuɗin da ko kwalbar lemo ba za ta saya ba. Buɗe asusu a Bet9ja ko SportyBet ko 1xBet bai kai wahalar cike fom ɗin rajistar kwas ba, tura kuɗi kuma daga OPay ko PalmPay ƙiftawar ido ne. A da, abin da ke tsare ɗan mutunci daga caca kunya ce. Sai ya shiga shago a bakin titi, sai wani abokin babansa ya hango shi yana fitowa da 'yar takarda a hannu. Wayar ta kawar da wannan shinge gaba ɗaya. Yana iya dawowa daga sallar isha'i a sahun farko, ya rufe ƙofa, ya buga har asuba.

Shi ya sa nake ganin masu murna da rufe shaguna sun yi saurin murna. A watan Oktoba na 2024 Hisbah ta Kano ta bi shagunan caca tana garƙamewa, kuma a 22 ga Nuwamba na shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne su tsara harkar a cikin iyakokinsu. Duka biyun suna da amfaninsu. Sai dai dakarun Hisbah suna da kwaɗon da za su maƙala a ƙofar shago, ba su da wanda za su maƙala a wayar da ke ƙarƙashin filo. Wanda aka kora daga shago gida ya koma, kuma a gida ya fi sakewa.

Hukuncin addini a kan caca ba ɓoyayye ba ne. Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ta ambace ta kafaɗa da kafaɗa da giya, kuma duk ɗan da ya yi Islamiyya ya san haka. Waɗanda ke bugawa sun sani. Abin da suke gaya wa kansu shi ne wannan ba irin cacar karta ba ce, wai nazari ne da hasashe, kamar kasuwanci. To, tunda 'yan boko ne, mu yi musu magana da lissafi.

Ɗauki wasan da ɓangarorin biyu suke kunnen doki, kamar a wurga kwabo sama. Da adalci za a yi, wanda ya zuba naira 100 ya ci, 200 zai karɓa. Kamfani ba ya ba da haka. Zai sa farashin kowane ɓangare a kan kamar 1.90, wato in ka ci ka karɓi 190. Mutum biyu sun zuba ɗari-ɗari, ɗaya a nan ɗaya a can. Kamfani ya karɓi 200, ya biya 190, ya soke 10 a aljihu, ko wa ya ci. Ba ya bukatar ya yi maguɗi, ba ya bukatar ya san wanda zai zura ƙwallo. Kashi 5 cikin ɗari nasa ne tun kafin alƙali ya hura usur.

Ɗalibi kuma ba ya buga wasa ɗaya, domin ribar naira 90 ba ta burge shi. Dogon tikiti yake haɗawa, wasa goma, wasa ashirin, don naira 100 ta zama dubbai. A nan ne yankan yake ninkuwa, saboda kowane wasa da ya ƙara, an sake cire wa kamfani kasonsa. A kan wannan farashi, tikitin wasa 10 yana mayar wa masu bugawa kusan naira 60 ne daga kowace 100 da suka zuba, in aka haɗa su gaba ɗaya. Tikitin wasa 20 kuwa kusan naira 36. Garaɓasar da ake ƙarawa a kan dogon tikiti tana rage giɓin ne kawai, da za ta cike shi da ba a bayar ba. Damar cin wasa 10 irin waɗannan a jere ita ce 1 cikin 1,024. Ta wasa 20 ba ta kai 1 cikin miliyan ba.

Ga kuma wurin da ya fi cin rai. Kowane ɗan caca yana da labarin ranar da "wasa ɗaya ne kawai ya ɓata mini tikiti." Yana faɗa yana dafe kai, yana ganin ya kusa, gobe sai ya gyara. A lissafi, samun 9 cikin 10 ya fi samun 10 cikin 10 yawa har sau goma. Ma'ana, kafin mutum ya ci sau ɗaya, ana sa ran wasa ɗaya ya ɓata masa tikiti sau goma. Abin da yake ɗauka alamar ya ƙware, tsarin ne yake tafiya yadda aka gina shi, kuma wannan "saura ƙiris" ita ce igiyar da ke dawo da shi.

Wani zai ce ai dogon hutu yakan faɗo lokacin da manyan gasannin Turai suke hutu, daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta. Kamfanonin sun riga kowa tunanin wannan. Akwai ƙwallon kwamfuta, wadda ba ɗan'adam ko ɗaya a fili, ana gama wasa cikin 'yan mintoci a fara wani, dare da rana. Akwai Aviator, wanda kamfanin Spribe ya fitar a 2019: ɗan jirgi yana tashi, kuɗinka yana ninkuwa a kan allo, sai ka cire kafin jirgin ya ɓace, in ka makara komai ya tafi. Masu shi sun ce kashi 97 cikin ɗari na abin da aka zuba yana komawa ga masu bugawa. Kashi 3 kamar ba komai ba, amma a kowane zagaye ake yankarsa, zagaye kuma daƙiƙoƙi ne. A nan babu ma zancen sanin ƙwallo da mutum zai fake da shi. Wanda ya fara da nazarin wasan Asabar, ya jira kwana bakwai, yanzu yana buga ɗaruruwan zagaye tsakanin isha'i da asuba.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da sanin dalilin da ya sa hannu ba ya iya tsayawa. B. F. Skinner na jami'ar Harvard ya gwada da tantabaru a shekarun 1950. Tantabarar da ke samun tsaba duk lokacin da ta caki maɓalli, da an daina ba ta sai ta haƙura da wuri. Wadda kuwa tsabar ke zuwar mata jefi-jefi, ba ta san yaushe ba, ita ce ke ta caka ba ji ba gani. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022, ta sa jarabar caca a babi ɗaya da jarabar kayan maye. Ingila, inda ƙwallon da muke kallo take, ta hana yin caca da katin bashi na banki tun Afrilun 2020, kuma a Afrilun 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince su cire tallan kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26. Masu abin suna ja da baya, mu muna kutsawa.

Daga ina kuɗin ke fitowa? Da farko kuɗin data ne da na aski. Sai canjin cefane. Sai a ce wa Hajiya an bukaci kuɗin wani littafi ko na aikin bincike, alhali makaranta a rufe take. Tun 2024 asusun NELFUND yana tura wa ɗaliban da suka karɓi rancen karatu naira 20,000 a wata kai tsaye cikin asusunsu, kuɗin da bashi ne za a biya bayan an gama. Wanda ya zuba wannan a caca ya ci bashin gobensa ya miƙa wa kamfani. Babbar musiba tana zuwa ne a ƙarshen hutu, ranar da uba ya tattara abin da ya tara, wataƙila ya sayar da buhunan masara ko rago, ya tura kuɗin rajista cikin asusun yaron. Ga mutumin da ya riga ya yi asarar dubu talatin yana neman hanyar mayarwa, ga dubu ɗari ta shigo. Zuciya ta ce masa ya ara na dare ɗaya. Kalmar da ke kashe su ke nan: "Ni dai in dawo da kuɗina in daina." Akwai ɗaliban da ke komawa makaranta suna shiga aji, suna kwana a ɗakin abokai, ba su yi rajista ba, gida kuma ba a sani ba sai shekara ta zagayo.

Idan na hannu ya ƙare sai manhajojin ba da rance. Minti biyar kuɗi ya shigo, kwana bakwai a biya da ruwa mai nauyi. Da yawansu sun yi suna wajen kwashe lambobin da ke cikin wayar mai karɓa, ranar da ya kasa biya sai saƙo ya isa ga kawunsa da malaminsa da yarinyar da yake nema, ana kiransa ɓarawo. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris na 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan mutane daga ƙarshen Mayun 2023. Duk da haka ana samun su ta bayan fage. A gefe guda ga masu sayar da "tabbataccen wasa" a Telegram, waɗanda ba wanda ya tambaye su me ya hana su buga abinsu su yi arziki. Ga kuma masu ninka kuɗi. MMM ta daskare a Disambar 2016, CBEX ta rufta da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, kuma wanda caca ta riga ta koya wa cewa kuɗi na haihuwa cikin dare shi ne farkon shiga layi. Wannan ɓangaren bai bar 'yan mata ba, su da ake ganin ƙwallo ba ta dame su ba.

Mai bashi a ka ba ya barci, mai neman barci ko mantuwa kuma ya san inda ake sayar da su. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC da ya nuna abin da yake yi wa matasan Kano. Tiramadol da danginsa ba su ɓace ba. Uban da ke alfahari ɗansa bai san 'yan shaye-shaye ba, yana iya wayar gari ya ga caca ta kai shi wurinsu da ƙafarsa.

Iyaye, laifinku a nan shi ne kun ɗauki shiru a matsayin natsuwa. Ruwa ba ya tsami banza. Saurayin da ya mayar da dare rana, yake barci har azahar, yake kife waya da an shigo, yake fushi in batir ya mutu kamar an yi masa mutuwa, yau ya yi wa ƙanne kyautar da ba a san tushenta ba, gobe yana neman aron dubu biyu wurin ƙanwarsa, ya ce an sace kwamfutarsa ko ta lalace tana wurin gyara wata biyu, wannan ba hutawa yake yi ba. Alhaji, rabonka da shiga ɗakin nan ka zauna yaushe ne? Ka biya kuɗin makaranta, ka sayi waya, ka ɗauka ka sauke nauyi. Ka tafi da shi kasuwa. In kana da rumfa a Kantin Kwari ko Dawanau, ya riƙe maka littafin ciniki. In damina ce ga gona. In ba ka da ko ɗaya, akwai masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano da irinta a kowane gari, akwai masu haɗa sola, akwai makarantar unguwa da ke neman mai koya wa yara lissafi. Digiri ba ya zubewa don mai shi ya riƙe sukundireba. Abin da ake nema shi ne ya kasance akwai wurin da in bai zo da safe ba, wani zai tambaya. Kuɗin rajista kuma a daina tura shi asusun yaro. A ciro lambar Remita, a biya kai tsaye, a ga rasit da ido.

Kai kuma ɗalibi, kar ka ce mini kana da iko da kanka. Buɗe manhajar bankinka, ka duba wata uku da suka wuce, ka tara abin da ya fita zuwa kamfanin caca a gefe ɗaya, abin da ya dawo a ɗaya gefen. Yawancin masu bugawa ba su taɓa yin wannan lissafin ba, domin sun san abin da za su gani. Abin da ya tafi ya tafi, kuma duk naira da ka sake zubawa don ka dawo da shi tana bin hanyar da lissafin can na sama ya nuna. Goge manhajar kaɗai ba ya isa, minti biyu ne ka sake sauke ta. Ka nemi kamfanin ya rufe asusunka, ka fita daga zaurukan da ake tura tikiti, ka miƙa katinka da ragamar kuɗinka ga wani babba da kake jin nauyinsa na ɗan lokaci, ka daina kwana da waya a ɗaki. Mafi wuya, ka faɗa wa mutum ɗaya gaskiyar adadin bashin, dukansa, ba rabi ba. Yayanka ko kawunka zai yi faɗa, faɗan kwana biyu ne. Bashin da aka ɓoye kullum ƙaruwa yake yi.

In kuma asiri ya riga ya tonu, a yi hattara da abu biyu. Na farko, uwa ta sayar da ɗan kunnenta ta biya a ɓoye don kar Alhaji ya ji. Wanda aka share wa bashi ba tare da an karɓe ragamar kuɗi daga hannunsa ba, an sake ba shi jari ne. A biya masu bin bashin hannu da hannu, da sanin uban, kar kuɗin ya bi ta wayar yaron. Na biyu, duka da tozarci da gidan mari. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa, iyayensu ne suka kai su da sunan gyaran tarbiyya. Jaraba cuta ce da likitoci suka san ta. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, akwai na Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, ga sashen masu tabin hankali da damuwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace. Idan kuwa aka ji ya fara cewa ya gaji da duniya, ko gara ba shi, ko ya fara neman gafarar mutane ba dalili, kar a ce shagwaɓa ce, kar a bar shi ya kwana shi kaɗai a daren, a kai shi asibiti washegari da sassafe.